Yadda Mai Aikin Sa-kai Zai Shirya wa Matasa Zangonsu na Farko a Daji

Duk wanda ya karɓi nauyin jagorantar matasa a ƙungiyar Sikawut, ko a wata ƙungiya mai irin tsarinta, ba zai yi wata guda ba sai ya ji tambayar da yara ba sa gajiya da maimaitawa: yaushe za mu fita zango? Tambaya ce mai daɗin ji, amma takan sa gaban sabon jagora ya faɗi, domin ya san amanar 'ya'yan mutane za a ɗora masa a wurin da babu ɗaki, babu famfo, kuma babu iyaye a kusa. Wannan bayani na irin wannan jagora ne, namiji ko mace, wanda ba albashi yake karɓa ba, wanda ya sadaukar da hutunsa na ƙarshen mako saboda yana son ya ga yaran da ke hannunsa sun zama mutanen da za a iya dogaro da su. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, aikinku kashi biyu ne. Na farko, ku tanadi duk abin da zai kare lafiyar yaran tun kafin a bar gida. Na biyu, wanda ya fi wuya, da zarar an isa ku janye hannunku ku bar su su yi aikin da kansu, ko da kuna ganin kun fi su iyawa sau goma.

Da wannan ra'ayi aka kafa ƙungiyar tun asali. A farkon watan Agusta na shekarar 1907, Robert Baden-Powell, wani hafsan sojan Birtaniya da ya yi suna wajen kare garin Mafeking a Afirka ta Kudu, ya kwashi yara maza kimanin 20 zuwa tsibirin Brownsea da ke gaɓar kudancin Ingila, suka yi zango na kusan mako guda. Da gangan ya haɗa 'ya'yan masu hali da ke karatu a manyan makarantun kwana da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, ya raba su rukuni huɗu, kowane da sunan dabba ko tsuntsu, sannan ya ɗora wa yaro ɗaya a kowane rukuni alhakin 'yan'uwansa. Da safe yakan tashe su da busar ƙahon wata dabba dangin gwanki da ya zo da shi daga Afirka. A shekarar 1908 littafinsa mai suna Scouting for Boys ya fara fitowa kashi-kashi, duk bayan mako biyu har kashi shida, sai yara suka riƙa saya suna kafa rukunoninsu da kansu, daga baya ne suke zuwa neman babban da zai tsaya musu. Wato yara ne suka yi gaba, manya suka biyo sawu. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba: sun bayyana a babban taron da aka yi a Crystal Palace na birnin Landan a 1909, kuma a 1910 aka kafa musu ƙungiyar Girl Guides a ƙarƙashin 'yar'uwar Baden-Powell, Agnes. Da aka ga cewa manyan su ma suna bukatar koyon yadda ake jagoranci ba tare da danne yara ba, sai aka buɗe filin horas da shugabanni a Gilwell Park kusa da Landan a 1919. Yau ƙungiyar tana cikin ƙasashe fiye da 170, kuma mafi yawan manyan da ke riƙe da ita masu aikin sa-kai ne kamarku.

Rukuni kafin komai

Kada ku fara da neman wurin zuwa. Ku fara da raba yaran rukuni-rukuni na mutum shida zuwa takwas, domin adadin da ya gaza haka aiki yakan yi masa yawa, wanda ya wuce haka kuma yakan ba malalaci da mai kunya wurin ɓuya. A rukuni mai mutum bakwai, idan ɗaya bai ɗebo itace ba kowa zai sani, kuma idan ɗaya ya yi shiru tun safe za a lura. Ku bar su su zaɓi shugabansu da mataimakinsa, su raɗa wa rukunin suna. Wani lokaci za su zaɓi wanda ba shi ne a ranku ba. Ku haƙura, matuƙar ba mai cin zali ba ne, domin shugaban da yara suka zaɓa suna jin maganarsa fiye da wanda aka naɗa musu, kuma sau da yawa nauyin da aka ɗora wa yaro mai rawar kai shi ne yake natsar da shi.

Daga nan sai ku ware makonni shida zuwa takwas na taron mako-mako don koyon abubuwan da za a bukata. A kafa tanti a filin taro, a kwance, a sake kafawa, har sai kowane rukuni zai iya yi ba tare da an ɗaga murya ba. Idan suka ƙware, a sa su gwada da yamma bayan duhu ya fara, domin a daji ba kullum ake isa da rana ba. A koyi ƙulli uku ko huɗu kawai amma a iya su sosai: wanda ake haɗa bakin igiya biyu da shi, wanda ake ɗaure igiya a jikin sanda ko itace, da wanda ke yin madauki marar zamewa, wanda ba ya shaƙe abin da aka zura a ciki. A koyi karanta taswira da amfani da kamfas (na'urar da ke nuna arewa), da riƙe wuƙa ana yanka ana nesanta ta daga jiki, da taimakon gaggawa. Hanyar koyarwar da na fi yarda da ita ita ce ku koya wa shugabannin rukuni su kaɗai, rabin sa'a kafin sauran su iso, sannan su kuma su koya wa mutanensu. Da farko za ku ga kamar ɓata lokaci ne, amma yaron da ya koya wa wani ƙulli ba ya mantawa da shi, kuma mutuncinsa a idon rukuni yana ƙaruwa.

Kafin kwana a waje, a yi tafiyar yini guda a ƙafa, a dafa abu ɗaya a hanya, a dawo kafin faɗuwar rana. A nan ne za ku gane wanda takalminsa ke cinsa, wanda ba ya shan ruwa sai an tuna masa, da wanda ke yin gaba ya bar 'yan'uwansa. Zangon farko kuwa kada ya wuce dare ɗaya ko biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Duba wurin da ƙafarku

Babu taswira ko hoton waya da zai maye gurbin zuwanku wurin da kanku, kuma ya fi kyau ku tafi da shugabannin rukuni domin su ma su koyi abin da ake dubawa. Ku nemi izinin mai filin ko hukumar da ke kula da dajin, a rubuce in da hali, ku tambayi mutanen yankin da jami'an tsaro halin da wurin yake ciki, kuma idan suka nuna shakka ku canza wuri ba tare da gardama ba. Ku san asibiti mafi kusa, da tsawon lokacin da mota za ta ɗauka zuwa can, da ko mota za ta iya shiga har bakin zango idan an yi ruwa. Ku zagaya da wayarku ku gano daidai inda ake samun sabis, ku nuna wa sauran manya wurin.

Wajen zaɓen inda za a kafa tanti, ku dubi ƙasa, ku dubi sama. A ƙasa, ku guji kwari da busasshen rafi komai laushin yashinsa da kyan shimfiɗarsa, domin ruwan da aka yi a kan tudu mai nisa yana iya gangarowa cikin dare alhali ku ko ɗigo bai sauka a kanku ba. Ku nemi wuri mai ɗan tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, nesa da suri da ramuka da tarin duwatsu inda maciji da kunama ke fakewa. A sama kuma, ku tabbata babu busasshen reshe da ke rataye, babu gidan zuma ko na rina. Kada a kafa tanti a ƙarƙashin doguwar bishiya da ke tsaye ita kaɗai a fili, ko a ƙololuwar tudu, saboda tsawa. Wurin bahaya ya kasance aƙalla mita 60 daga duk wani ruwa, a gangare da wurin girki, kuma ta inda iska ba za ta kwaso wari zuwa tantuna ba.

Iyaye, takardu, da manyan da za su raka ku

Wannan ɓangare ba shi da armashi, amma shi ne ginshiƙin amana. Ku kira taron iyaye ku faɗa musu inda za a je, da wanda zai raka, da abin da za a yi sa'a bayan sa'a, da lokacin dawowa. Kowane yaro ya kawo takardar amincewa da sa hannun mahaifi ko mai riƙonsa, ɗauke da lambar waya biyu, da bayanin duk wata lalura kamar asma ko farfaɗiya ko ciwon sukari ko abin da jikinsa ba ya karɓa, da maganin da yake sha. Ku roƙi iyaye kada su ɓoye komai don tsoron za a hana ɗansu zuwa. Yaron da aka san lalurarsa ana iya tafiya da shi lafiya, wanda aka ɓoye tasa shi ne ke cikin haɗari. Har fitsarin kwance ya kamata a gaya muku a asirce, domin ku shirya yadda za ku rufa wa yaron asiri da sassafe. Ku bar kwafin sunaye da hanyar da za ku bi a hannun wani babba da zai zauna a gida, wanda ya san abin da zai yi idan lokacin dawowa ya wuce bai ji daga gare ku ba.

Game da manya, ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce kada babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya inda ba a ganinsu, kuma manya ba sa kwana a tantin yara. Idan akwai 'yan mata, dole a sami jagora mace, kuma wurin kwanansu da na wankansu ya zama daban. Saboda haka babba ɗaya ba ya fita zango da yara. A ganina ma uku ne mafi ƙaranci, domin idan biyu suka tafi kai mara lafiya asibiti, ko ɗaya ya tafi da direba, dole a sami wanda zai tsaya da sauran. Ƙungiyar Sikawut ta duniya ta amince da manufa ta musamman kan kare yara daga cutarwa a babban taronta na birnin Baku, ƙasar Azerbaijan, a 2017, kuma ƙungiyar kowace ƙasa tana da nata ƙa'idojin tantance manya da adadin yaran da babba ɗaya zai kula da su. Ku nemi na ƙasarku ku karanta, ku bi. Wanda ya ji haushi don an ce za a bincika halinsa kafin a ba shi yara, wannan haushin kaɗai ya isa dalilin barinsa a gida. A cikin manyan kuma a tabbata akwai aƙalla mutum ɗaya da ya yi horon taimakon gaggawa na gaske.

Kaya

Kowane yaro ya haɗa jakarsa da hannunsa. Idan uwa ce ta haɗa, ba zai san inda tocilarsa take ba sa'ad da duhu ya yi. Nauyin jakar kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, ga ƙanana ma ya gaza haka. Abin da ba a tafiya ba shi: gorar ruwa, takalmi rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi ba sabo ba, safa ta canji, hula, rigar ruwa, abin rufa mai ɗumi ko da ana zafi da rana, gidan sauro inda ake bukatarsa, tocila, usur, sabulu, kwano da cokali. Kayan sawa a zuba su cikin leda kafin a sa a jaka. Jerin abinci da kayan girki kuwa rukuni ne zai tsara, ya ƙiyasta, ya raba ɗauka. Naku kawai ku duba ku tabbata zai ƙosar, kuma babu abin da zai lalace saboda zafi. Kwana biyu kafin tafiya a yi duban kaya, kowa ya zazzage jakarsa a gaban shugaban rukuninsa.

A kan hanya

Akwai tsohon ma'auni da wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: a ba kowace tafiyar kilomita 5 sa'a ɗaya, a ƙara sa'a ɗaya kan kowane hawan mita 600. Wannan lissafin babban mutum ne mai ƙarfi wanda ba ya tsayawa. Da yara masu ɗauke da kaya, ku lissafa kamar kilomita 3 a sa'a, ku ƙara lokacin hutu, sannan ku tsara tafiyar yadda za a isa da sauran aƙalla sa'a uku kafin rana ta faɗi. Taswirar tana hannun yara. Wanda ya fi kowa jinkiri shi ne zai kasance kusa da gaba, domin da takunsa za a auna tafiyar, babba ɗaya kuma ya tsaya a can baya, babu wanda zai bari a bayansa. A ƙirga yara kafin tashi, a kowane hutu, a kowace mararraba. Kowane yaro ya sami abokin tafiya wanda ba ya zuwa ko'ina sai da shi, har zagayawa.

Idan suka ɗauki hanyar da ba ita ba, kuma kun san babu haɗari a cikinta, ku bi su shiru na minti goma ko sha biyar. Yawanci ɗaya daga cikinsu zai tsaya ya ce ai dutsen da ya kamata ya kasance a hannun dama ga shi a hagu. In babu wanda ya lura, ku tambaya kawai: a ina muke a kan taswirar nan? Darasin da suka samu da ƙarin tafiyar rabin kilomita ya fi wanda za ku ba su da baki. Tun kafin a tashi kuma a koya wa kowa abin da zai yi idan ya ɓace: ya tsaya inda yake, kada ya yi ta yawo yana neman hanya, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake.

Sa'ar da hannu ke ƙaiƙayi

Isowa zango ita ce jarrabawar jagora. Yara sun gaji, ana ta musu kan inda ƙofar tanti za ta duba, turaku sun ɓace a cikin ciyawa, ku kuwa kun san cikin minti biyar za ku gama abin da suke fama da shi. A zangona na farko na faɗa wannan tarko. Na ga wani rukuni ya sa sandunan tanti a birkice, sai na matsa na karɓe daga hannun shugabansu, yaro ɗan shekara goma sha uku, na kafa tantin tsaf ina ta bayani. Da na juyo sai na gan shi ya koma gefe ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar usur ɗinsa, kuma daga lokacin har muka tashi, duk abin da ya taso a rukunin ni yaran ke zuwa tambaya, ba shi ba. Tanti ya tsaya, amma na rushe abin da muka yi wata biyu muna ginawa. Sai da na nemi gafararsa a gaban mutanensa, na kuma ɗauki makonni ina mayar masa da duk tambayar da aka kawo mini, kafin rukunin ya koma hannunsa.

Tun daga ranar nake bin ƙa'ida ɗaya. Kafin in sa baki nakan tambayi kaina: abin da zai faru idan na yi shiru, rauni ne ko wahala ce kawai? Idan rauni ne, kamar yaro yana sara da gatari wani na tsaye a gabansa, ko ana shirin zuba fetur a wuta, to a tsayar nan take da babbar murya. Idan kuwa wahala ce, kamar abinci zai ƙone, ko tanti zai karkace, ko za a ci abincin dare a makare, to a bari. Kuma idan gyara ya zama dole, a ja shugaban rukuni gefe a gaya masa a hankali, shi ya je ya gyara da bakinsa.

Hura wuta ita ce inda wannan ya fi fitowa fili. A share fili har ƙasa tsirara, faɗin taku biyu ko uku ta kowane gefe, nesa da tanti da busasshiyar ciyawa, a ajiye bokitin ruwa a kusa. A tara itace kashi uku kafin a ƙyasta ashana: tarkacen da ke kamawa nan take kamar busasshiyar ciyawa da ɓawo, ƙirare masu kaurin fensir, sannan masu kaurin hannu. Ku ba yaron ashana biyu kacal. Za ku gan shi ya durƙusa, ya ba iska baya, ya ƙyasta ta farko da gaggawa ta mutu a hannunsa. Zai ɗago ya dube ku. Kada ku ce komai. Zai sake gyara tarin, ya buɗa ƙasan don iska ta shiga, ya kāre da tafin hannu, ya ƙyasta ta biyu, ya sa ta can ƙasa, ya kwantar da kumatunsa kusa da ƙasa yana hurawa a hankali har hayaƙi fari ya juye harshen wuta. Fuskar da zai ɗago da ita a wannan lokaci ita ce dalilin da ya sa kuka baro gidajenku. Idan ta biyun ma ta mutu, ku tambaye shi me yake gani ya hana, ku ƙara masa biyu.

Ruwan sha kuwa ba ya cikin abin da ake barin yara su koya ta hanyar kuskure. Duk ruwan rafi ko tafki ko rijiyar da ba ku sani ba, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti ɗaya, a kan duwatsu masu tsayin da ya wuce mita 2,000 kuma minti uku. A rataye buta da sabulu kusa da wurin bahaya da wurin girki, a sa ido kan wanke hannu, domin gudawa ta fi kowace dabbar daji tarwatsa zango. Kada a taɓa shigar da risho ko garwashi cikin tanti don girki ko jin ɗumi: bayan haɗarin gobara, suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci bai sani ba.

Idan wani abu ya faru

Mafi yawan abin da za ku gani ƙananan abubuwa ne: kumburin ƙafa daga takalmi, ƙaya, ɗan yanka, ciwon kai na rashin shan ruwa. Amma akwai kaɗan da ya kamata kowane babba ya san su kamar sunansa. Ƙuna, a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa mai ko man goge baki. Saran maciji, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A kwantar da hankalin yaron, a cire zobe ko agogo ko takalmi kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci wajen farautar macijin ba. Yaron da zafi ya galabaita, a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan; idan kuwa ya fara sambatu ko hankalinsa ya rikice, lamarin ya zama na gaggawa, a yi ta jiƙa jikinsa da ruwa ana fifita ana kan hanyar asibiti. Ga mai gudawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan aka ji tsawa, a fita daga ruwa, a sauko daga tudu, a nisanci dogayen bishiyoyi, a fake a cikin gini ko mota rufaffiya in akwai, domin tanti ba ya kare kowa daga aradu, kuma kada a koma wasa sai an yi minti 30 ba a sake jin rugugi ba. Ƙara tana tafiyar kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka yara za su iya ƙirga tsakanin walƙiya da rugugi su san nisan hadarin. Duk abin da ya faru, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shi da lokacinsa, a gaya wa iyaye ranar dawowa kafin su ji daga bakin yaro.

Dare yana da nasa sha'ani. Bayan an ci abinci an wanke tukwane, a zauna kewaye da wuta ɗaya, kowane rukuni ya kawo waƙa ko labari ko ɗan wasan kwaikwayo, a fara da masu tashe da dariya a ƙare da masu sanyi, domin jiki ya huce kafin kwanciya. Ku hana labarin ban tsoro a zangon farko, ku hana duk wasan da ake mayar da yaro ɗaya abin dariya. A daidai wannan lokaci ne kewar gida ke kama wasu. Za ku ga yaro ya ce cikinsa na ciwo, ko ya zauna nesa da haske. Kada a kunyata shi, kada kuma a yi gaggawar kiran gida. Ku zauna kusa da shi inda kowa ke ganinku, ku ba shi wani ɗan aiki na gobe da safe wanda rukuni ya dogara da shi, kamar hura wutar karin kumallo. Kafin manya su kwanta a kashe wutar da ruwa, a motsa tokar, a sake zubawa har sai hannu zai iya taɓa ta, sannan a zagaya tantuna a ƙirga kawuna.

Tashi da abin da ke biyo baya

Ranar tashi, bayan an naɗe kaya, yara su jera kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan gefe zuwa wancan suna tsince duk abin da ba a nan suka same shi ba, har guntun igiya da murfin kwalba. A cike ramuka, a watsa tokar da ta huce, a kwaso shara a dawo da ita, sannan shugabannin rukuni su je da kansu su yi wa mai filin godiya.

Kada ku bar zangon ya wuce ba a zauna an tattauna shi ba, domin a wannan zama ne abin da yaro ya yi da hannu yake zama abin da ya sani game da kansa. A taron mako mai zuwa kowane rukuni ya zauna shi kaɗai ya amsa tambaya uku: me ya tafi daidai, me ya ba mu wuya, me za mu canza? Ku saurara, kada ku kare kanku idan suka ambaci kuskurenku. Sannan ku nemi kowane yaro ku gaya masa abu ɗaya takamaimai da kuka gani ya yi, ba yabon jimla irin na “ka yi ƙoƙari” ba, sai dai irin “na ga lokacin da ka karɓi jakar ƙaramin cikinku a kan hawa ba tare da an ce maka ba.” Idan ƙungiyarku tana ba da bajo, a ba wanda ya cika sharaɗi kawai, a kuma ba shi da wuri tun abin yana sabo a ransa.

Sauran aikin na kaya ne. A shanya tantuna su bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba za su yi fumfuna su ruɓe. A ƙirga turaku, a cike abin da aka taɓa a akwatin magani, a mayar da abin da aka aro. Kafin a watse a tsayar da ranar fita ta gaba, a miƙa wa shugabannin rukuni taswira da takarda, su zo da shawarar wuri da tsarin tafiya nan da mako biyu.